Abin Wuya, Maikurocif ko GPS: Wanne Ne Ke Dawo da Kyanwar da Ta Ɓata?

Kyanwa dabba ce mai yawo. Ko wadda ta saba kwana a ɗaki, wata rana za ta tarar da ƙofa a buɗe ta fice, ta haura katanga, ta bi ta kan kwanon rufi, ta sauka a gidan da ba wanda ya san ta. Idan ta dawo da kanta, shi ke nan. Idan kuwa ba ta dawo ba, magana ta koma kan wanda ya tsince ta: ta yaya zai gane tana da mai ita, kuma ta yaya zai same shi?

Kasuwar na'urori ta cika da amsoshin wannan tambaya, tun daga abin wuya mai ɗauke da lambar waya har zuwa na'urar da ke nuna inda dabba take a kan taswira. Matsalar ita ce ana yawan rikita aikinsu. Wani zai sa a dasa wa kyanwarsa maikurocif yana zaton zai riƙa ganin ta a wayarsa. Wani zai sayi AirTag a unguwar da masu iPhone ba su da yawa. Wani kuma zai ɗaura mata abin wuya mai ƙarfi don kada ya faɗi, alhali ƙarfin nan shi ne haɗarin. Kowanne daga cikin waɗannan kayayyaki yana da aiki guda da ya iya, yana kuma da inda yake gazawa.

Inda haɗarin abin wuya yake

Kare yana tafiya ne a ƙasa, galibi kusa da mai shi. Kyanwa kuwa hawa take yi, tana kutsawa ta tsakanin ƙarafan taga, ta ƙarƙashin wayar shinge, ta cikin rassan darbejiya ko mangwaro. Duk abin da ke zagaye da wuyanta yana iya sarƙewa a ɗaya daga cikin waɗannan wurare. Idan ya sarƙe tana sama kuma bai tsinke ba, nauyin jikinta ne zai shaƙe ta.

Akwai wasu raunuka biyu da likitocin dabbobi suka san su sosai. Na farko yana faruwa ne idan abin wuyan ya yi sako-sako, kyanwa ta yi ƙoƙarin cire shi da ƙafar gaba, ƙafar ta zurma ciki. Sai maɗaurin ya koma ya ratsa ta hammata, yana cin fata a duk takun da ta yi. Irin wannan gyambo yana da wuyar warkewa saboda wurin kullum cikin motsi yake, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Na biyu shi ne maƙalewar muƙamuƙin ƙasa a cikin maɗaurin yayin da take lasar jikinta, bakin ya kasa rufuwa.

Abin wuya mai roba mai talewa, wanda ake sayarwa da sunan cewa kyanwa za ta iya zare kanta, shi ne ya fi jawo raunin hammata, domin talewar tana isa ƙafa ta shiga amma ba lallai ta isa kai ya fita ba. Ƙungiyoyin kula da maguna irin su Cats Protection da International Cat Care na Birtaniya sun daɗe suna gargaɗi a kansa. Zare, igiyar leda ko ƙyallen atamfa da akan ɗaura wa kyanwa a gida don a nuna tana da masu ita suna cikin wannan sahu, tunda ƙulli ba ya kwancewa da kansa. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Duk da haka, bincike bai nuna cewa abin wuya abin gudu ba ne. A 2010 an wallafa sakamakon wani nazari da Dakta Linda Lord ta Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ta jagoranta, inda aka bi maguna 538 tsawon wata shida. Kusan kashi 73 cikin 100 sun riƙe abin wuyansu har ƙarshen lokacin. Kimanin kashi 3 cikin 100 ne abin ya maƙale musu a baki, a ƙafa ko a jikin wani abu. Ke nan haɗarin gaskiya ne, amma ana iya rage shi ƙwarai da zaɓen irin da ya dace da kuma ɗaura shi daidai.

Maɓalli mai ɓallewa da kansa

Abin wuyan da masana suka fi amincewa da shi shi ne mai maɓallin roba da ke ɓallewa idan aka ja shi da ƙarfi. Haƙoran maɓallin an yi su ne da gefe mai santsi, ta yadda nauyin kyanwar da ta rataya ya isa ya raba su. Wasu kamfanoni suna yin maɓalli mai matakai, a saita shi gwargwadon nauyin dabbar.

Ana iya gwada shi tun a shago. A rufe maɓallin, a sa yatsu a ciki a fizga. Idan ya buɗe ba tare da an yi kokawa da shi ba, ya yi. Idan sai an danna gefensa kafin ya buɗe, to na ƙaramin kare ne, bai dace da kyanwa ba, komai kyansa.

Wajen ɗaurawa, ƙa'idar ita ce yatsa ɗaya zuwa biyu su iya shiga tsakanin maɗaurin da wuya. Fiye da haka ƙafa ko muƙamuƙi za su shiga, ƙasa da haka zai ci fata. Kyanwa kan ƙanƙame wuyanta a lokacin da ake sa mata shi karon farko, saboda haka yana da kyau a sake dubawa bayan ta saki jiki. 'Yar kyanwa mai tasowa kuma sai an riƙa duba nata kowane mako, domin wuyanta yana girma maɗaurin yana nan yadda yake. Wadda ta yi ƙanƙanta sosai nauyinta ba zai iya ɓalle maɓallin ba, don haka a duba mafi ƙarancin nauyin da aka rubuta a jikin kwalin kafin a sa mata.

Ba a ɗaura igiyar ja a jikin irin wannan abin wuya, tunda fizga ɗaya za ta buɗe shi. Mai son fita da kyanwarsa a igiya sai ya nemi maɗaurin da ke kama ƙirji da kafaɗu.

Sai dai wannan tsari yana da farashinsa: abin wuyan da ke ɓallewa dole wata rana ya ɓata. Kyanwar da ta dawo gida wuya wayam alama ce maɓallin ya yi aikinsa. Masu kiwon da suka saba sukan ajiye na biyu a gida saboda irin wannan rana.

Abin da ake rubutawa a jiki

Hanya mafi arha, kuma mafi saurin aiki, ita ce lambar waya a rubuce. Ba ta buƙatar batir, data ko manhaja. Yaro ko maƙwabciyar da ta ga kyanwar za ta iya karantawa ta kira. Ana zana lambar a ɗan faifan ƙarfe mai rataya, ko a faifan da ke kwance a jikin maɗaurin, ko a ɗinka ta da zare a kansa. Biyun ƙarshe sun fi aminci, domin zoben da ke riƙe faifai mai rataya yana iya kama farce ko waya. Lamba biyu sun fi ɗaya, musamman inda layi kan ɗauke ko a rufe shi. Cikakken adireshin gida kuwa ba dole ba ne, don ba kowa ya kamata ya san shi ba.

Akwai kuma faifai mai lambar QR ko mai NFC. Wanda ya tsinci kyanwar zai haska lambar da kyamarar wayarsa, ko ya kara wayar a jikin faifan, sai shafi ya buɗe mai ɗauke da hotonta, lambobin mai ita da bayanin rashin lafiya idan akwai. Amfaninsa shi ne ana iya sauya bayanan ba tare da sauya faifan ba. Rauninsa kuma a fili yake: sai mai tsintuwar yana da babbar waya da data, ya kuma san abin da ake yi da lambar, sannan kyanwar ta yarda ta tsaya. Idan kamfanin da ke riƙe da shafin ya rufe, faifan ya zama ado. Shi ya sa wanda ya fi kyau shi ne mai QR a fuska ɗaya da lambar waya a ɗaya fuskar.

Maikurocif: shaidar da ba ta faɗuwa

Tunda abin wuya mai aminci yana iya ɓata, ana buƙatar shaidar da ke tare da dabbar har abada. Wannan shi ne aikin maikurocif. Girmansa kamar ƙwayar shinkafa ne, tsawonsa wajen milimita 12, kaurinsa wajen milimita 2. A cikin ɗan ƙwanson gilashi akwai cif da naɗaɗɗiyar wayar tagulla siririya. Likitan dabbobi yana dasa shi da allura a ƙarƙashin fata, galibi a tsakanin kafaɗu, cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba tare da an sa dabbar barci ba.

Ba shi da batir. Fasahar RFID yake amfani da ita: idan aka kawo na'urar karantawa kusa da shi, igiyar rediyon da take fitarwa ce ke ba shi ɗan ƙarfin da zai mayar da lambarsa. Ƙa'idar duniya ta ISO 11784 da 11785 ta tanadi lamba mai alƙaluma 15 a kan zangon kilohaz 134.2. Na'urar tana karanta shi ne daga tazarar 'yan santimita kawai.

Daga nan za a gane abubuwa biyu da ake yawan kuskurewa. Maikurocif ba ya nuna inda kyanwa take, domin ba shi da GPS kuma ba ya aika saƙo ko'ina. Haka nan wayar hannu ba ta karanta shi, saboda NFC na waya yana aiki ne a kan megahaz 13.56, zangon da ya sha bamban da na cif ɗin.

Abu na uku ya fi su muhimmanci. Lamba ce kaɗai a cikin cif ɗin, babu suna, babu lambar waya. Sai an yi rajistar lambar a rumbun bayanai tare da bayanan mai dabbar kafin ta yi amfani. Wani binciken na Dakta Lord da aka wallafa a 2009 ya duba dabbobi 7,704 masu cif a cibiyoyin ajiye ɓatattun dabbobi 53 na Amurka. A cikin ɓatattun maguna gaba ɗaya, ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne ake mayar wa masu su, amma a cikin masu cif adadin ya kai kashi 38.5. Inda aka kasa samun mai dabbar duk da cif ɗin, babban dalili shi ne lambar wayar da ke rajista ba daidai ba ce ko ta daina aiki. Cif ɗin da ba a yi wa rajista ba kyanwar Lami ne, ba cizo ba yakushi.

Amfanin cif ya dogara ne kuma da yawan na'urorin karantawa a yankin. A ƙasashen da kowane asibitin dabbobi da kowace cibiyar ajiye dabbobi ke da ita, tsarin yana tafiya da kansa. A garin da mai tsintuwa ba zai yi tunanin kai kyanwa wurin likita ba, cif ya fi amfani a matsayin hujjar mallaka idan an sace dabba mai tsada ko gardama ta taso. Kafin a biya kuɗi, ya kamata a tambayi likitan ko cif ɗin na ISO ne, ko yana da na'urar karantawa, da kuma rumbun da za a yi rajistar. Bayan dasawa a sa ya karanta lambar a gaban mai dabbar, a rubuta ta a katin rigakafi.

A wasu ƙasashe abin ya zama doka. A Ingila, tun daga 10 ga Yunin 2024 wajibi ne a dasa wa kyanwa cif kafin ta cika mako 20. Wanda aka samu bai yi ba ana ba shi kwana 21, in ya ƙi ana iya cin sa tarar da ta kai fam 500. Faransa ta wajabta shaida ga magunan da suka haura wata bakwai, Japan kuma ta ɗora wa masu kiwo don sayarwa da shagunan dabbobi wannan nauyi tun Yunin 2022. Mai shirin shiga Tarayyar Turai ko Birtaniya da kyanwarsa sai ya lura da jerin matakan: ana dasa cif ne kafin allurar rigakafin ciwon haukan kare ko a rana ɗaya da ita. Allurar da ta riga cif ba ta karɓuwa.

AirTag da 'yan uwansa

Kamfanin Apple ya fitar da AirTag a Afrilun 2021. Samfurin farko yana da nauyin gram 11, yana amfani da batir ɗin CR2032 mai kai wa wajen shekara guda, kuma babu kuɗin wata-wata. Wannan ya sa masu dabbobi suka rungume shi, duk da kamfanin ya ce don kaya aka yi shi.

AirTag ba shi da GPS, ba shi da layin waya. Siginar Bluetooth yake fitarwa, sai duk wata iPhone ko iPad da ta gifta kusa ta ji shi, ta aika wurin da take zuwa ga mai shi a ɓoye. Ma'ana, ƙarfinsa ya rataya ne a kan yawan na'urorin Apple da ke kewaye. A tsakiyar Landan wannan ba matsala ba ce. A unguwannin da mafi yawan wayoyi Tecno ne da Infinix da itel, kamar yadda yake a garuruwa da dama na Najeriya da Nijar, ana iya shafe sa'o'i ba a samu sabon bayani ba. Wayar Android tana iya gano cewa wani AirTag yana bin mai ita, amma ba ta isar da wurinsa ga mai shi.

Galaxy SmartTag na Samsung da wayoyin Galaxy kaɗai yake aiki. Google ya buɗe tasa hanyar ga wayoyin Android a Afrilun 2024, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa Find Hub, kuma kamfanoni irin su Chipolo da Pebblebee da Motorola suna ƙera na'urorin da ke hawa kanta. Ita ma tana buƙatar wayoyin da ke kusa su kasance da Bluetooth da data a kunne, abin da ba kowa ke bari ba saboda tsimin data da caji.

Inda waɗannan na'urori suka fi amfani shi ne neman kusa: kyanwar da ta ɓuya a silin, a sito ko a gidan maƙwabta. Ana sa na'urar ta yi ƙara a bi sautin. Sai a sanya ta a cikin gidan roba da ke kwance a jikin abin wuya, kada ta riƙa reto. A tabbata kuma murfin batir ɗin ba ya buɗewa, domin haɗiye irin wannan batir yana ƙona maƙogwaro da hanji, ga dabba da yaro baki ɗaya.

GPS da na'urar rediyo

Na'urar GPS ce kaɗai ke nuna tafiyar kyanwa kai tsaye a kan taswira. Tana karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam ta lissafa inda take, sannan ta aika ta layin waya da ke cikinta zuwa manhaja. Kamfanonin Tractive na Ostiriya da Weenect na Faransa suna cikin sanannun masu ƙera ta. Ana iya shata iyaka a taswira, waya ta yi ƙara idan kyanwa ta tsallake, ana kuma iya ganin hanyoyin da ta saba bi.

Tana zuwa da ɗawainiya uku. Akwai kuɗin sabis na wata ko na shekara, galibi da kuɗin waje. Akwai caji duk bayan 'yan kwanaki, kuma bibiyar kai tsaye tana shanye batir da sauri. Akwai kuma nauyi, domin na maguna sukan kai gram 25 zuwa 30. Masu bincike a Jami'ar Otago ta New Zealand sun gano cewa na'ura mai nauyi tana rage nisan yawon kyanwa, suka ba da shawarar kada ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinta. Ga kyanwa mai kilo 3, gram 60 ke nan, har da maɗaurin. Siginar GPS tana raunana a ƙarƙashin rufin kwano ko dakali, kuma inda babu sabis na waya na'urar ba ta da hanyar aiko da rahoto. Kafin a yi odar ta daga waje, a duba shafin kamfanin a tabbatar tana aiki da layukan ƙasar da ake zaune.

Tsakanin Bluetooth da GPS akwai na'urar rediyo irin Tabcat. Ɗan faifai ne mai nauyin gram 5 zuwa 6 da na'urar hannu mai fitila da ƙara, waɗanda ke ƙaruwa yayin da ake matsowa kusa da kyanwar. Ba ta buƙatar layi, data ko kuɗin wata, sai dai zangonta bai wuce mita ɗari da wani abu a fili ba.

Ƙararrawa, ƙyalli da maganin ƙuma

Abin wuya da yawa suna zuwa da 'yar ƙararrawa. Wani nazari da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta gudanar a Birtaniya ya nuna magunan da ke ɗauke da ita sun rage kamo tsuntsaye da kashi 41 cikin 100, ƙananan dabbobi irin su ɓera kuma da kashi 34. Ga mai kiwon tantabaru ko tsaki wannan labari ne mai daɗi. Ga wanda ya ajiye kyanwa don ta tsare masa rumbu ko shago daga ɓeraye kuwa, gara ya cire ta. Maɗauri mai ƙyalli da ke mayar da hasken fitila yana taimaka wa direba ko mai babur ya hango ta da dare.

Babban gargaɗi yana kan abin wuya mai maganin ƙuma da kaska. Sinadarin permethrin, wanda ke cikin magungunan karnuka da yawa, guba ne ga kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda ta kare ke yi. Alamunsa su ne dalalar miyau, karkarwa da jijjiga, kuma yana kisa. Amitraz da ake sa wa a abin wuyan kaska na karnuka shi ma haɗari ne gare ta. Duk maganin da ba a rubuta ƙarara cewa na maguna ne ba, kada ya taɓa jikinta. Idan kuskure ya auku, a cire abin nan take, a wanke wurin da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu, a garzaya wurin likitan dabbobi.

Yadda ake haɗa su

Ga yawancin gidaje, matakin farko shi ne abin wuya mai maɓalli mai ɓallewa, ɗauke da lambar waya a rubuce, da wani a ajiye. Mataki na biyu shi ne maikurocif mai rajista, wanda ya zama dole ga mai shirin tafiya ƙasar waje da kyanwarsa, kuma ya dace da mai dabba mai tsada. Na'urar bibiya ƙari ce a kan waɗannan biyun. Mai kyanwar da ba ta wuce maƙwabta zai wadatu da ta Bluetooth ko ta rediyo, mai kyanwar da ke nisan kiwo kuma sai GPS, idan aljihu da sabis sun ba da dama. Kowace iri aka zaɓa, a jikin maɗauri mai ɓallewa za a ɗora ta, ko da hakan na nufin wata rana a tsinci na'urar a reshen bishiya, kyanwar kuma tana gida.

Saura aiki guda da ba ya cin ko kwabo, kuma shi aka fi mantawa: duk ranar da mai kyanwa ya sauya layi ko ya tashi daga gida, ya sabunta lambar da ke wuyanta da wadda ke rajistar cif ɗinta, ya kuma ajiye sabon hotonta a wayarsa.